Mamacin da Aka Binne da Takalmi

Sun sare tsamiyar bakin lungunmu. Da hantsi na ji kukan injin, kafin la'asar har an kwashe itacen, yanzu 'yan a-daidaita-sahu ne ke jera kekunansu a wurin suna jiran fasinja. Ban ji wanda ya yi ko bisimilla kafin ya ɗora mata injin ba, kuma ba abin da ya sami kowa. Wanda ya sare ta ma na gan shi da yamma yana ɓare gyaɗa yana hira. Ni da na tashi a Gumel ɗin da ba a bi ta ƙarƙashin tsamiyar nan da tsakar rana, ko an aike ka ɗebo wuta sai ka zagaya ta bayan masallaci, sai na tsaya a ƙofar gida ina ta mamaki. To mutanen ɓoyen da aka ce suna cikinta, ina suka koma? Ko dama ba sa nan, mu ne muka ajiye su? Na koma ciki.

A ciki na tarar da jikata a kwance a kan kujera, ta ƙudundune, waya a hanci, ido ya yi zuru-zuru. Na taɓa ƙafarta kawai, yarinyar nan ta zabura har wayar ta faɗi. Na tambaye ta abin da take kallo, ta ce ba kallo ba ne, karatu ne, littafin wani Baturen Ingila ne mai rubuta labaran fatalwa, wai ba zan gane ba. Ni! Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da Turanci a firamare, daga Gagarawa har Sule Tankarkar. Na ce ta faɗi sunansa. Tana faɗa na zauna, don kuwa shi ne, mutumin nan dai. Na ce mata ba a ma haifi uwarki ba lokacin da wannan bawan Allah ya hana ni zagayawa bayan gida ni kaɗai. Ta ce ai sananne ne ƙwarai a ƙasarsu, ta mayar da hanci kan waya, ta bar ni da tunanina.

Abin da na kasa ganewa tun ina budurwa shi ne me ke kai mutum mai hankali ya nemi tsoro da kansa. Mu a da ba nemansa muke ba, a gida muka tarar da shi. Kada ki leƙa rijiya da rana tsaka, kada ki zubar da ruwan zafi ba ki yi bisimilla ba, in guguwa ta taso ki kauce ki rufe baki, in wance ta yaba ƙibar ƙaninki ki goye shi ku bar wurin. Wannan tsoron ba shi da murfi, da shi ake daka, da shi ake ɗiban ruwa, da shi ake kwana. Na Baturen nan kuwa ana buɗe shi, in ya yi yawa a rufe a tura ƙarƙashin tabarma, a tashi a ɗora tukunya. Na daɗe ina zaton daɗinsa ke nan. Amma na ga wadda ta saurari littafinsa ba don daɗi ba, kuma ita ce ta sa har yau ban gama yanke hukunci ba.

Baba dillalin shanu ne a karar Maigatari. Duk ranar kasuwa tun da sassafe yake bin motar 'yan kasuwa, ya dawo da yamma yana warin shanu, aljihu cike da dabino da cukun Nijar. Wata rana ya sayo kwat ta gwanjo, irin mai kauri ɗin nan, da ya zo gida ya zura hannu a aljihun ciki sai ga littafi. Baba bai yi boko ba, allo ya yi. Ya juya shi, ya ga hoton wani gidan bene a bango, ya yanke cewa littafin ilimi ne, tunda ai Bature ba zai ɓata takarda mai yawa haka a kan shirme ba. Lokacin ina kwalejin horon malamai ta mata. Ya miƙa mini ya ce in riƙe ya taimake ni a jarrabawa. Na ce na gode, na jefa shi ƙasan akwati, ban ko buɗe ba.

A hutun damina ne ya rasu. Ya idar da la'asar a rumfarsu ta kara, ya ce wa abokansa kansa na juyawa, ya jingina da dirka, shi ke nan. A ranar kuma aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanyar Maigatari lokacin ba kwalta, ta yanke, motoci suka kafe. Mutanen kara suka ga ba za a bar gawa ta kwana ba, suka yi masa sutura a can, kuma daidai suka yi. Sai washegari wani abokinsa ya iso da ƙafa, taɓo har gwiwa, riƙe da hular Baba da takalmansa. Babu wanda ya ga fuskarsa a cikinmu. Ba a shigo da makara tsakar gida ba, balle a ce mata su zo su yi masa addu'a, matarsa ta ce ta yafe masa kamar yadda ake yi.

Inna Bafulatana ce, daga wata ruga a gefen Sule Tankarkar aka auro ta, ni kuma 'yar farinta ce. Yaran yanzu da uwa ke kiran ɗan fari da sunansa a waya tana ce masa ta yi kewarsa ba za su gane wannan ba. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba. In tana son in yi abu sai ta gaya wa iska, ta ce a ɗauke tukunyar can, ni kuma na san da ni ake. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ban taɓa jin haushi ba sai dai wani lokaci in ji ina kishin ƙannena. Da ta shiga takaba, Goggo yayar Baba ta zo daga Gagarawa ta karɓi ragamar gidan. Goggo mace ce mai murya, in tana faɗa a tsakar gida maƙwabta sukan ɗauka da su take. Ita ta tsara komai yadda aka gada: ba kwalli, ba lalle, ba fita, tsohon zane, ga 'yar wuƙa a riƙe ko'ina za a motsa. Malaman yanzu sun ce wuƙar ba ta da asali, na kuma yarda da su, amma a lokacin wa zai gaya wa Goggo haka?

Inna ba ta yi kuka ba, masu zuwa gaisuwa suna ta yaba haƙurinta. Mu na cikin gida kuwa mun ga abin da ba su gani ba: kwano yadda ya shiga ɗakinta haka yake fitowa. Tuwo, kunu, har furar da ba ta taɓa wuce ta ba, sai ta taɓa da leɓe ta ture. Goggo ta karɓo rubutu, ta jiƙa saiwoyi, ta yi faɗa, ta yi lallashi, a banza. Aka kira malamin asibiti ya duba ta, ya fito ya gaya mana a zaure cewa ba ciwon komai a jikinta, amma in ta ci gaba a haka ba za ta ga fitar takaba ba. Na ji maganar nan har cikin ƙashina. Na rasa uba, ga uwa tana zamewa a gabana, kuma ba ni da bakin da zan ce mata don Allah ki ci. Kullum tana zaune a kan tabarma, fuska wajen ƙofa, kai a ɗan karkace kamar mai sauraron wani abu daga zaure.

Goggo ta ce ba a barin mai takaba ita kaɗai, ta ɗora mini zaman rana. Kai, ban taɓa zaman da ya yi mini tsawo kamar wannan ba. Uwa da 'yar fari a ɗaki ɗaya, ba mai kallon wata, ba abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga indararo da sautin daka daga maƙwabta. Don in sami inda zan ajiye idona na tono littafin Baba. Ban yi nisa ba na gane labarin fatalwa ne na Baturen nan, ba abin da zai taimake ni da shi a jarrabawa, amma kuma na kasa ajiyewa. Ana nan wata rana bayan azahar, ina tsakiyar wani wuri mai tayar da tsigar jiki, kaza ta ture faifai a bakin ƙofa. Na zabura har na buge gwiwa da ƙafar gado. Sai na ji murya, a dishe, tana tambayar bango:

"Me ake gani a takardar nan har ake zabura?"

Na ce littafin da Baba ya ba ni ne, na cikin kwat. Can ta ce a faɗa mata abin da ya bayar.

Haka muka fara. In karanta shafi a zuci, in ɗaga kai in juya shi da Hausa yadda Allah Ya hore mini. Labarin wata mata ce a wani ƙauye a bakin kogi. A ƙasarsu in sanyi ya yi tsanani kogi daskarewa yake ya zama ƙanƙara har a taka a wuce, mijinta ya zo tsallakawa ƙanƙarar ta fashe da shi. Nan Inna ta tsayar da ni, ta bango dai. A tambayi mai karatu, ruwa ne fa ake takawa? To shanunsu me suke sha? Na ce littafin bai faɗa ba. Ta ce ai kuwa ya bar babban abu. Da aka zo jana'iza tambayoyi suka ƙaru. Na ce an tsamo shi an ajiye kwana da kwanaki ana jiran dangi. Ta ce a ina? Na ce a cikin gidan. Ta ce to ai dole ya saba da wurin. Na ce an sa masa kwat da wando da takalmi sau-ciki, an saka shi a akwati. Wannan karon mantawa ta yi ta dube ni kai tsaye.

"Da takalmi?"

"Da takalmi, Inna."

"An ba mutum takalmi, me zai hana shi tafiya?"

Na yi dariya, dariyar farko a gidan tun rasuwar. Ita ba ta yi ba. Idonta ya koma kan takalman Baba da ke ajiye a gindin gado, ta daɗe tana kallonsu.

Daga nan mamacin ya fara dawowa. Matar ta tashi ta ga ƙyauren shinge a buɗe, alhali ta rufe. Wata rana sawun ruwa a bakin ƙofa. Wata rana ƙwanƙwasa, a hankali, irin yadda mijin yake yi. Ni ina faɗa gashin jikina na tashi, Inna kuwa ko gezau. Ta tambaya ko ba ya sallama ne. Na ce ƙwanƙwasar nan ita ce sallamarsu. Ta ce to ya yi sallama ke nan, kuma wanda ya yi sallama amsa masa ake yi. Da na ce matar ta tura tebur ta danne ƙofa ta haye bene da gudu, Inna ta ja tsaki mai ƙarfin da ban san tana da shi ba. Ta ce sakarya ce, mutum ya taso tun daga can, ba za ki tsaya ki ji abin da ke tafe da shi ba? Sannan ta yi istigfari, ta ce a ci gaba. Tun daga ranar, ina shiga ɗakin tambayar farko ita ce ko ta buɗe. In na ce ba ta buɗe ba sai a sake tsaki.

A nan dabara ta zo mini, kuma ina alfahari da ita har gobe. Na kai daidai inda mariƙin ƙofar ya fara juyawa da kansa, na rufe littafin, na ce maƙogwarona ya bushe, yunwa nake ji. Na ɗauko ƙwaryar furar da ta ture, na sa ludayi biyu, na ce ni kuma ba na iya sha ana kallona. Rashin kunya ne tsagwaronsa, uwa da 'yar fari a ƙwarya ɗaya, ban san inda na samo ƙarfin halin ba. Ta harare ni ta gefen ido. Na naɗe hannu. Ta ga da gaske nake, ta ɗauki ludayin ta kurɓa don kawai ta rabu da ni. Na ce ban ƙoshi ba. Ta ƙara. Haka aka kafa doka ba tare da an faɗa ba: ba fura, ba Bature.

Goggo da ta gano abin da ake yi, gidan ya ɗauka. Ta ce boko ta cinye mini hankali. Labarin mamaci mai yawo a gaban mai takaba? Kuma tatsuniya da rana tsaka, abin da aka ce mai yin sa ɓata yake yi? Ta rantse sai littafin ya shiga murhu. Inna, wadda ba ta taɓa mayar wa Goggo magana ba, ta ce a hankali ai tatsuniya a ka take, wannan kuwa a takarda yake, kuma mai gidan ne ya kawo shi da hannunsa. Ni dai na miƙa wa Goggo ƙwaryar ta kai madafa. Ta duba ta ga ƙasanta. Ba ta sake zancen murhu ba. Washegari sai ga ta ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar, wai a nan ne haske ya fi don tsintar wake. Waken nan an tsince shi har ya gaji. In na yi ƙasa da murya sai in ji daga bayan labule an ce a ɗaga, ba don ita ba, don mai takaba ta ji da kyau.

Na sha tunanin yadda mutumin da bai taɓa jin sunan Gumel ba ya ɗaure mata uku a ɗaki guda. Finafinan da jikokina ke kallo yanzu tun farko ake watso maka dodo da jini, ka yi ihu ka manta. Shi wannan ba haka yake ba. Sai ya ɓata shafi guda a kan matar tana dafa shayi, tana wanke kofi, tana ninke rigar mijin, har ka saki jiki ka ce ai wannan gidanmu ne. Sannan ya sa abu ɗaya ƙarami ya kauce daga inda yake. Ba ya nuna maka komai, kai ne za ka cike sauran da abin da ke cikinka. Ni da tsamiyar lungunmu na cike. Goggo ta ce ita wata tsohuwar rijiya take gani a bayan garinsu. Abin da Inna ke cikewa da shi ne ban sani ba, kuma ban yi wayon tambayar kaina ba, murnar ƙwarya kawai nake.

Da littafin ya kusa ƙarewa na kasa haƙuri, na shige rumbu da shi na karance ƙarshen ni kaɗai. Na fito neman Goggo. Na same ta a madafa na gaya mata. Ta riƙe haɓa ta ce wannan Bature ba shi da imani, kada in kuskura in kai wa Inna wannan, mace ta fara farfaɗowa. Ta tsara mini wani ƙarshen: matar ta buɗe, mijin ya ce mata ta yi haƙuri, yana cikin rahama, ta ci ta sha ta riƙe 'ya'ya, ya juya ya tafi. Na ga hakan ya yi. Bayan azahar na zauna, na buɗe littafi, na zuba kamar yadda aka koya mini. Inna ta saurara har na kai aya, sannan ta ce:

"Idon mai karatu yau ba ya tafiya a kan takarda. Kuma matar nan ba ta da 'ya'ya. Wannan bakin Gagarawa ne, ba na Ingila ba."

Bayan labule aka yi tari. Inna ta ce a faɗa mata abin da ke rubuce, ita ba yarinya ba ce.

Na faɗa. Matar ta gaji da gudu, kewa ta fi ƙarfin tsoro, ta janye tebur ta buɗe. Ga shi tsaye, fuskarsa, kwat ɗinsa, takalmansa, ruwa na ɗiga. Amma ba shi ba ne. Wani abu ne da ke ƙarƙashin kogin, yana aron kamannin duk wanda aka fi kewa, kuma ba ya iya shiga gida sai an buɗe masa. Da gari ya waye maƙwabta suka tarar da ƙofa a buɗe, ruwa a ƙasa, matar kuwa ba a sake ganin ta ba.

"Shi mijin fa?"

"Yana kabarinsa, Inna. Bai taɓa tashi ba."

"Bai ma san ana yi ba."

Ta juya ta fuskanci bango. Ranar ƙwarya ta fito a cike, da daddare ma haka, da safe ma haka. Goggo ta sa ni gaba da faɗa, ni kuma na tsine wa Baturen nan a zuciyata, na tsine wa kwat ɗin, na yi kuka a bayan rumbu har idona ya kumbura. Na tabbata na kashe uwata da bakina.

Da hantsi na shiga na zauna a inda na saba, ba littafi, ba magana. Sai na ji ta ce, "Ke." Ba bango ba, ni. Ta ce ranar da Baba zai tafi, sun ɗan saɓa. Ya yi mata alkawarin kai ta Sule Tankarkar sunan ɗiyar ƙanwarta, ya zo ya ce sai dai wani lokaci, ana kawo shanu daga arewa ba zai bar kasuwa ba. Ba wannan ne karon farko da ya yi mata haka ba, ta yi fushi. Tana daka ya fito ya ce ya tafi. Ta ƙara wa taɓarya ƙarfi. Ya sake faɗa. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ji shi ya tsaya a zaure, ya yi gyaran murya, yana jira. Ta ce a ranta bari ya dawo da yamma da dabinonsa, a lokacin ta huce. Sai ta ji ƙarar ƙyaure.

"Na san mamaci ba ya dawowa," in ji ta. "Kunnena ne bai sani ba. Matar nan ta zauna jiran abu har ya zo ya ɗauke ta. Ni ma nawa ya kusa."

Goggo ta banko labule ta shigo tana sharɓar hawaye, wake na zuba daga zanenta. Ta ce ita ta goyi ƙanenta, ta san shi, fushinsa ba ya tsallake zaure, ta tabbata kafin ya kai tasha ya manta. Inna ta ce ta sani, ba nasa fushin ne ya dame ta ba, nata bashin amsar ne. Aka tura wa liman tambaya, ya aiko da cewa ta yawaita masa addu'a da sadaka, suna isa gare shi. Ta karɓi wannan. Ta koma cin abinci, amma kamar mai shan magani, loma kaɗan, ba ɗanɗano, ido a rufe. Abu ɗaya ta roƙa: in ta fita takaba a kai ta Maigatari. Na koma makaranta da fargaba, duk wanda ya zo daga Gumel sai na tare shi ina karanta fuskarsa kafin ya buɗe baki. A can ne na fara tunanin Baturen nan ba da haushi ba. Me ya sa mutum zai zauna ya ƙirƙiro ƙofa da mai ƙwanƙwasa ta? Ko shi ma akwai wanda ya yi masa sallama bai amsa ba? Ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Bayan kaka ta fita takaba. Na zo gida, Kawu yayanta ya zo daga ruga, muka bi motar 'yan kasuwa mu uku. Tana zaune a tsakaninmu ba nauyi, kamar an jingina mini dami. Na ɗauka maƙabarta za ta ce a nuna mata ko daga nesa, amma ba ta ko tambaya ba, kara ta ce. Ba ta taɓa ganin wurin ba duk shekarun da ya yi yana zuwa. Ga shanu har iyakar gani, ga raƙuma, ga Buzaye da rawunansu, dillalai na ta ciniki hannu a cikin hannun riga, ba ka jin maganar na kusa da kai. Kawu ya nemo abokin Baba, wanda ya kawo takalman. Da ya gane ko wace ce, ya cire hannu daga cinikin da yake yi, ya wuce gaba muna bin sa har wata rumfar kara. Ya nuna dirkar. Mazan da ke zaune suka tashi ɗaya bayan ɗaya suka ba da wuri.

Inna ta gyara mayafi, ta tsaya daidai bakin rumfar. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da irin muryar da ake magana daga tsakar gida zuwa zaure ta ce:

"Na ji ka, Malam. Allah Ya kiyaye hanya."

Abokin Baba ya ce amin, ya juya baya yana goge fuska da hula. Ta ɗan ƙara tsayawa. Sannan ta waiwayo ta dube ni, ta ce in duba mata inda masu nono suke zama a kasuwar nan, yunwa take ji.